Lafcadio Hearn: Bature mai ido ɗaya da ya kai wa duniya labaran fatalwar Japan

A shekarar 1965, wani fim na ƙasar Japan mai suna Kwaidan ya lashe kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa.

Fim ne na fatalwa mai tsawon sama da awa uku. Ba a cika zubar da jini a cikinsa ba, babu dodon da ke faɗo wa mutum daga bayan ƙofa, kuma akan ɗauki mintuna babu wanda ya ce uffan. Duk da haka, har yau masana harkar fim na sanya shi a sahun gaba idan ana lissafa finafinan ban tsoro na duniya.

Labarai huɗun da aka haɗa aka yi fim ɗin, wani baƙo ne ya rubuta su da Turanci kimanin shekara 60 kafin nan. Mutum ne da ido ɗaya kawai yake gani da shi, shi ma ba sosai ba, kuma har ya mutu bai iya karanta rubutun Japananci yadda ya kamata ba.

Sunansa Lafcadio Hearn, amma mutanen Japan sun fi saninsa da Koizumi Yakumo. Tarihin rayuwarsa na taimakawa wajen gane abin da ya sa finafinan fatalwa na Japan ke shiga jikin mai kallo a hankali, su kuma daɗe ba su fita ba.

Yaron da iyaye suka watsar

An haifi Patrick Lafcadio Hearn ranar 27 ga watan Yunin 1850 a tsibirin Lefkada na Girka, wanda a lokacin yake ƙarƙashin ikon Birtaniya. Daga sunan tsibirin aka samo sunansa na tsakiya.

Mahaifinsa, Charles Bush Hearn, ɗan Ireland ne kuma likita a rundunar sojin Birtaniya. Mahaifiyarsa, Rosa Cassimati, 'yar Girka ce daga tsibirin Kythira.

Yana ɗan shekara biyu aka kai shi birnin Dublin tare da mahaifiyarsa, wurin dangin uba. Zaman bai yi wa Rosa daɗi ba. Ba ta jin Turanci, ga sanyi, ga miji kullum yana wurin aiki a wata ƙasa. A 1854 ta koma Girka ta bar yaron, kuma tun daga ranar bai sake sanya ta a ido ba. Ta mutu a 1882 a wani asibitin masu taɓin hankali da ke tsibirin Corfu.

Shi ma uban ya sa aka raba auren, ya auri wata, ya wuce Indiya. Riƙon yaron ya koma hannun innar mahaifinsa, Sarah Brenane, wata attajira da mijinta ya mutu ba ta da ɗa.

A gidanta ne abin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa ya faru. Yaron na tsananin tsoron duhu, sai manya suka yanke shawarar cewa maganin abin shi ne a riƙa kulle shi a ɗaki shi kaɗai da dare, a ɗauke fitila. A lokacin shekarunsa ba su wuce biyar ba.

Bayan shekaru masu yawa ya rubuta abin da yake ji a wannan ɗaki, a wata maƙala da ke cikin littafinsa Shadowings na 1900. Ya bayyana yadda mugun mafarki ke zuwa daki-daki: jiki ya fara yin nauyi har mutum ya kasa motsi, sai a ji takun sawu daga nesa, sai ƙofa ta buɗe a hankali, sai abin ya shigo ya matso. Taɓawa ita ce ke zuwa a ƙarshe.

A ganinsa, asalin tsoron fatalwa shi ne fargabar kada ta taɓa ka. Ke nan mafi yawan tsoron yana cikin jira ne, kafin hannun ya iso.

Asarar ido da talauci

A 1863 aka tura shi makarantar kwana ta Katolika da ke Ushaw, kusa da Durham a arewacin Ingila. Yana ɗan shekara 16 ya ji rauni a filin wasa, idonsa na hagu ya mutu.

Na dama da ya rage shi ma ba ya ganin abu sai ya zo dab da shi. Wannan ya sa ya zama mai kunyar fuskarsa, shi ya sa a kusan duk hotunansa za ka ga ya juya gefe ɗaya ko ya sunkuyar da kai.

A shekarar 1866 mahaifinsa ya mutu a hanyar dawowa daga Indiya. Ba a jima ba dukiyar Sarah Brenane ta salwanta a hannun wani ɗan'uwanta da ta amince wa da kuɗinta, aka cire yaron daga makaranta saboda babu abin biya.

Ya yi zaman wahala a unguwannin talakawa na Landan, har zuwa 1869 da aka saya masa tikitin jirgin ruwa na tafiya kawai zuwa Amurka. Yana da shekara 19 ya sauka a birnin Cincinnati na jihar Ohio, ba kuɗi ba mataimaki.

Wani mai maɗaba'a, Henry Watkin, shi ya tausaya masa ya ba shi wurin kwana a shagonsa, ya kuma koya masa aikin ɗab'i.

Ɗan jarida mai kwatanta gawa

Daga 1872 ya fara rubutu a jaridar Cincinnati Enquirer, inda ya ƙware a labaran kisan kai da rayuwar talakawan bakin kogi.

Abin da ya fito da sunansa shi ne wani kisa da aka yi a wata majema a watan Nuwamban 1874, inda aka kashe wani ma'aikaci aka cusa gawarsa cikin tanderu. Hearn ya je ya duba abin da wuta ta rage, ya kwatanta shi dalla-dalla ba tare da ya ɓoye komai ba. Jaridu a wasu biranen Amurka suka riƙa kwafar rahoton.

A farkon aikinsa ke nan, hanyar da ya sani ta girgiza mai karatu ita ce ya nuna masa komai. Sai da ya shafe kusan shekara 30 kafin ya koma ga kishiyar wannan hanya.

A cikin 1874 ɗin ya auri Alethea Foley, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, wadda ke aikin girki a gidan da yake haya. A lokacin dokar jihar Ohio ta haramta aure tsakanin fari da baƙi. Da maganar ta fito fili a 1875, jaridar ta kore shi, ya koma wata mai suna Cincinnati Commercial.

Auren bai daɗe ba, amma Alethea gwanar ba da labari ce, kuma ya buga wasu labaran fatalwa da ya ji daga bakinta. Wannan ɗabi'a ta zama a gaban mace mai ba da labari yana saurare ta bi shi duk inda ya je.

A 1877 ya koma New Orleans, inda ya yi shekara goma. A can ya tattara karin maganar mutanen Kiriyol, ya rubuta littafin girke-girkensu, ya yi rubutu kan al'adun tsafi na Vudu, ya kuma fassara ayyukan marubutan Faransa irin su Gautier da Maupassant.

Daga 1887 zuwa 1889 ya zauna a tsibirin Martinique na yankin Karebiyan. A can ma, wajen matan gari da mai yi masa aikin gida ya riƙa jin labaran abubuwan da ke yawo da dare.

Rubutunsa na wannan zamani cike yake da ado da dogayen jimloli da kalmomin launi. Masu karatu sun so shi, amma ba shi ne salon da ake tuna shi da shi a yau ba.

Matsue da haɗuwa da Setsu

Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Yokohama a watan Afrilun 1890, a matsayin wakilin mujallar Harper's. Ba a daɗe ba ya ɓata da mujallar kan batun kuɗi, ya rasa aikin da ya kawo shi.

Wani malamin jami'a Bature, Basil Hall Chamberlain, da wani jami'in ma'aikatar ilimi, Hattori Ichizo, wanda suka san juna tun a New Orleans, su suka samar masa aikin koyar da Turanci a garin Matsue da ke gaɓar yammacin ƙasar.

A lokacin Japan na gudun zamanantar da kanta, ana shimfiɗa layin dogo, ana gina masana'antu, ana kwaikwayon Turai. Matsue kuwa tana nesa da wannan guguwa. Gari ne na tsofaffin gidajen mayaƙan samurai a bakin tafkin Shinji, a yankin Izumo da ake ɗauka a matsayin matattarar tsofaffin almarar ƙasar.

A nan ya haɗu da Koizumi Setsu, wadda aka haifa a 1868 a gidan samurai da sauyin zamani ya talauta. Ta shigo gidansa ne a matsayin mai kula da shi, daga baya suka zama mata da miji a 1891.

Sanyin Matsue ya fi ƙarfinsa, don haka bayan shekara ɗaya da 'yan watanni suka koma Kumamoto a kudu, inda ya koyar a wata babbar makaranta da Kano Jigoro, wanda ya ƙirƙiro wasan judo, ke shugabanta. A 1894 ya koma Kobe ya yi aiki da wata jaridar Turanci. A shekarar ce littafinsa na farko kan ƙasar, Glimpses of Unfamiliar Japan, ya fito.

A 1896 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Japan, domin ya kare haƙƙin matarsa da 'ya'yansa na gado da mallakar dukiya. Ya shiga cikin dangin matarsa, ya ɗauki sunan Koizumi Yakumo. Yakumo na nufin gajimare takwas, kalma ce da ke da alaƙa da yankin Izumo tun a tsofaffin waƙoƙi.

A wannan shekarar ya fara koyar da adabin Turanci a Jami'ar Tokyo.

Yadda ake ba shi labari

Hearn bai iya karanta tsofaffin littattafan Japan ba, ita kuma Setsu ba ta jin Turanci. Sai suka ƙirƙiri wani sauƙaƙƙen Japananci na su-ya-su da suke magana da shi a gida.

Setsu ce ke zagaya shagunan tsofaffin littattafai tana neman labaran fatalwa. A littafin tunawa da shi da ta bari bayan mutuwarsa, ta bayyana yadda suke aikin.

Da dare suke yi, bayan an rage lagwanin fitila. Ba ya yarda ta karanta masa daga littafi. Sai ta fara karantawa ita kaɗai, labarin ya zauna mata, sannan ta ba shi da bakinta da kalmominta kamar abin da ya faru da ita.

Idan labari ya kama shi, fuskarsa kan canza, ya sa ta maimaita sau da yawa. Yakan tsayar da ita ya yi tambayoyi kan ƙananan abubuwa: da wace irin murya aka faɗi wannan magana, yaya ƙarar takalmin take, wane irin dare ne.

Ta ba da labarin wani maraice da yake aikin labarin makahon mawaƙi Hoichi, ta tarar ɗakinsa da duhu bai kunna fitila ba. Ta tsaya a bayan ƙofa ta kira sunan makahon a hankali, shi kuma ya amsa daga ciki kamar shi ne makahon, yana tambayar wane ne.

Tebur ɗin da yake rubutu a kai an yi shi da tsawo fiye da kima, domin ya iya kawo idonsa dab da takarda. Mutumin da gani ke yi wa wuya haka, da kunne ya fi sanin duniya. Shi ya sa labaransa suka cika da sauti: taku, ƙarar sulke, motsin ƙofa, muryar da ke kiran suna cikin dare.

Abin da ke cikin littafin Kwaidan

Kalmar kwaidan, wadda a yau ake furtawa kaidan, na nufin labarin abin al'ajabi ko na fatalwa. Tsohuwar al'ada ce a Japan. Tun zamanin Edo mutane kan taru da dare su kunna fitilu ɗari, duk wanda ya gama ba da labari ya kashe ɗaya, ɗaki na ƙara duhu ana ƙara matsowa ga labari na ƙarshe.

Littafin Hearn mai wannan suna ya fito a 1904, ɗauke da labarai 17 da maƙaloli uku kan ƙwari. Yawancin labaran gajeru ne, wasu ba su wuce shafi biyu ko uku ba. Duk adon nan na zamanin New Orleans ya zubar da shi, ya koma ga gajerun jimloli kamar na mai ba da tatsuniya.

Mafi shahara shi ne labarin Hoichi, makaho mai kaɗa biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya yi kama da molo. Gwani ne wajen rera labarin yaƙin Dan-no-ura na shekarar 1185, inda aka hallaka zuriyar Heike a teku tare da ƙaramin sarki Antoku.

Wani dare wani mayaƙi ya zo ya ja shi zuwa gaban wasu manyan mutane domin ya yi musu waƙa. Hoichi na jin motsin tufafin alharini da kukan mata, yana zaton a fada yake. Ashe a maƙabarta yake zaune cikin ruwan sama, a gaban kabarin waɗanda yake waƙar mutuwarsu.

Da babban malamin wurin ibadar da yake zaune ya gane, sai aka rubuce jikinsa kaf da nassin addinin Buddha domin fatalwa ta kasa ganinsa. Aka manta kunnuwa. Da mayaƙin ya dawo bai ga komai ba sai kunnuwa biyu, ya fizge su ya tafi da su.

Ƙarfin labarin yana cikin yadda mai karatu ke zama makaho tare da Hoichi. Abin da ya ji shi kake ji, abin da bai gani ba kai ma ba ka gani ba.

Na biyu shi ne Yuki-onna, matar dusar ƙanƙara, wanda Hearn ya ce wani manomi daga lardin Musashi ne ya ba shi. Masu saran itace biyu, tsoho da saurayi, sun fake a bukkar mai fito cikin guguwar ƙanƙara. Wata farar mace ta shigo ta hura wa tsohon numfashi ya mutu, ta ƙyale saurayin bisa sharaɗin kada ya taɓa faɗa wa kowa.

Daga baya saurayin ya auri wata kyakkyawa, suka haifi 'ya'ya goma. Wani dare tana ɗinki a gefen fitila, hasken ya tuna masa da wancan dare, ya ba ta labari. Ita ce. Saboda 'ya'yan ta bar shi da rai, ta narke ta zama hazo ta fice ta kafar hayaƙi.

Akwai kuma gajeren labarin Mujina, inda wani ɗan kasuwa ya tarar da mace tana kuka a bakin hanya a Tokyo, ta juyo ya ga fuskarta babu ido babu hanci babu baki. Ya ruga wurin wani mai sayar da taliya yana haki, mai taliyar ya shafi tasa fuskar ta koma sumul kamar ƙwai, fitila ta mutu. A nan labarin ya tsaya.

Abubuwa uku ne ke maimaituwa a waɗannan labarai. Fatalwar tana da dalilin zuwa, galibi alƙawarin da aka karya ko haƙƙin da aka ci. Tana shigowa ne cikin rayuwar yau da kullum, a ɗakin kwana ko a bakin hanya. Sannan marubucin kan janye hannunsa da wuri, ya bar mai karatu ya ƙarasa da kansa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1903 Jami'ar Tokyo ta ƙi sabunta kwantiraginsa, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai, ɗalibansa kuma suka nuna rashin jin daɗinsu. Wanda ya gaje shi shi ne Natsume Soseki, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙasar. A 1904 Hearn ya koma koyarwa a Jami'ar Waseda.

Littafin Kwaidan ya fito a Amurka a daidai lokacin da Japan ke yaƙi da Rasha, lokacin da Turawa ke ɗokin sanin ko su wane ne mutanen wannan ƙasa.

Bai daɗe yana cin moriyar littafin ba. Setsu ta rubuta cewa 'yan kwanaki kafin mutuwarsa wata bishiyar ceri da ke gidansu ta yi fure ba a lokacinta ba, abin da mutanen Japan ke ɗauka a matsayin mugun alamu. Shi kuwa murna ya yi da furen.

Ya mutu sakamakon ciwon zuciya ranar 26 ga watan Satumban 1904 a gidansa da ke Tokyo, yana da shekara 54. Ya bar Setsu da 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya. An yi masa jana'iza bisa tsarin addinin Buddha, aka binne shi a maƙabartar Zoshigaya.

Daga takarda zuwa majigi

Bayan mutuwarsa aka fassara littattafansa zuwa Japananci, labaran suka koma gida ta hannun baƙo. Mutanen Japan da yawa a yau sun san Hoichi da Yuki-onna ne a yadda Hearn ya tsara su.

A 1964 darakta Masaki Kobayashi, wanda ya yi suna da fim ɗin Harakiri na 1962, ya ɗauki huɗu daga cikin labaran ya yi fim ɗinsa na farko mai launi. Yoko Mizuki ce ta rubuta tsarin fim ɗin. Biyu daga cikin labaran, Hoichi da Yuki-onna, daga littafin Kwaidan suke, sauran biyun daga Shadowings da Kotto.

Kobayashi ya ɗauki mafi yawan fim ɗin a cikin wata ƙatuwar rumfar ajiye jiragen sama, inda aka gina daji da kogi da fada. Sararin samaniyar ma da fenti aka zana shi. A ɓangaren matar dusar ƙanƙara, an zana manyan idanu a sama suna kallon masu saran itacen. Tun kafin fatalwa ta bayyana, mai kallo ya riga ya ji cewa duniyar da yake ciki ba daidai take ba.

Babban aikin yana wurin sauti, wanda mawaƙi Toru Takemitsu ya tsara. Maimakon kiɗa mai tashi da ke sanar da mutum cewa abin tsoro na tafe, ya yi amfani da ƙarar tsagewar itace da bugun dutse da dogon shiru. A wasu wuraren ya cire sautin da kunne ke jira, a wasu ya sa sautin ya zo a makare.

An fi ganin haka a labarin farko, na samurai da ya saki matarsa saboda talauci ya auri 'yar masu hali. Bayan shekaru ya dawo cikin nadama ya tarar da ita a tsohon gidansu, suka kwana, da gari ya waye ya ga gawa ce mai dogon baƙin gashi a gefensa. Yayin da yake tuntuɓe yana neman hanyar fita, katako na karyewa a ƙarƙashinsa amma ƙarar ba ta zuwa daidai da abin da ido ke gani.

A ɓangaren Hoichi kuwa, fitacciyar makaɗiyar biwa Kinshi Tsuruta ce ta yi kiɗa da rerawar yaƙin Dan-no-ura.

Labari na huɗu, na mutumin da ya ga fuskar baƙo a cikin kofin shayi ya shanye, Hearn ya bar shi ba ƙarshe da gangan, ya ce mai karatu ya yi tunanin abin da zai biyo baya. Kobayashi ya mutunta wannan, ya rufe fim ɗinsa da labarin da ba a kammala ba.

Fim ɗin ya ci kuɗi sosai, har kamfanin Ninjin Club da ya shirya shi ya durƙushe. Amma ban da kyautar Cannes, an kuma sanya shi cikin masu takarar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje.

Iyakar gudunmawarsa

Hearn ba shi ya ƙirƙiro fatalwar Japan ba. Siffar mace mai farin tufafi da dogon gashi da ya rufe fuska ta girme shi. Tana cikin zane-zanen zamanin Edo da wasannin daɓe na kabuki, musamman Yotsuya Kaidan da Tsuruya Nanboku ya rubuta a 1825, wanda aka mayar fim sau da dama, ciki har da na darakta Nobuo Nakagawa a 1959.

Masu suka kuma na cewa ya ƙawata tsohuwar Japan fiye da yadda take, ya kau da kai daga sabuwar da ke tasowa a gabansa, ya kuma sauya wasu labaran domin su dace da kunnen Bature. Akwai masu ganin cewa an daɗe ba a ba Setsu haƙƙinta ba, alhali ita ce ta nemo yawancin labaran ta kuma ba su murya.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne, shi ne ya fara gabatar wa ɗimbin masu karatu a wajen Japan irin wannan tsoro mai zuwa a hankali. Lokacin da fim ɗin Ringu na Hideo Nakata ya fito a 1998, sannan Ju-on na Takashi Shimizu ya biyo baya a 2002, har Amurka ta sake yin nata, masu kallo sun tarar da abubuwan da ke cikin labaran Hearn: matacciyar da aka zalunta, gida na yau da kullum, shiru mai tsawo, da fatalwar da ba ta gaggawa. A Ringu, sai dab da ƙarshe ake ganin Sadako ta rarrafo daga cikin talabijin, kuma ko a nan ido ɗaya kawai ake gani a fuskarta.

An sake yin fim kan matar dusar ƙanƙara a 1968, kuma Akira Kurosawa ya sanya irinta a fim ɗinsa Dreams na 1990.

A Matsue, gidan samurai da Hearn da Setsu suka zauna yana nan ana ziyarta, a gefensa kuma akwai gidan tarihi da aka ajiye kayansa, ciki har da dogon teburin nan. A 2025 tashar talabijin ta NHK ta fara nuna wasan kwaikwayo na safe mai suna Bakebake, wanda aka gina kan rayuwar ma'auratan, kuma a wannan karon matar ce tauraruwar labarin.